Farantin da Inna Ta Kama

Shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Inna, ina aikin jinya a wani asibiti a Riyadh. Da damina abin ya faru. Yayana ne ya kira ni ina bakin aiki, ya ce an tarar da ita kwance a bakin murhu, bakinta ya karkace, likita ya ce hawan jini ne. Allah ya taƙaita abin. Cikin 'yan watanni magana ta dawo, ƙafa ma ta dawo har tana takawa da sanda. Hannun dama ne ya ƙi. Yana motsi, tana iya ɗaga shi kaɗan, amma yatsun ba su da riƙo. In ta ɗauki cokali sai ya yi ta rawa har ya suɓuce.

Wanda bai san Inna ba zai ce ai abin ya zo da sauƙi. A gidanmu na Gusau ita ce mai rabon abinci tun kafin a haife ni. In ana biki a unguwa ita ake aika wa, ta zo ta tsaya a kan tukwane, ta tuƙa, ta kwashe, ta mulmula malmala tana zafi ba ta ko hura hannu. Ba ta taɓa zama an zuba mata ba. Ita ke zuba wa kowa, sai ta ga kwanon kowa ya fita sannan ta zauna da nata.

Maigidana ya nema mata bizar ziyara don ta zo a yi mata gashi a wurinmu. Ranar da muka je tarbarta a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, a keken marasa lafiya aka turo ta, ta rame har wuyanta ya fito. Na durƙusa na gaishe ta, na kai hannu zan kama nata, sai ta ƙara cusa shi cikin mayafi ta miƙo mini na hagu.

Ba mu yi kwana biyu ba na gane inda matsalar take. Inna ba za ta ci abinci da hagu ba. Na ce mata malamai sun ce lalura ce, babu laifi a kanta.

"Na sani," in ji ta. "Ni ma na ji wa'azin. Maƙogwarona ne bai ji ba. Ban ci da hagu ina yarinya ba, in na kai loma da shi yanzu ba ta wucewa."

Sai ya zamana ni ke ba ta a baki, a ɗaki, ƙofa a rufe. Ta karɓi cokali kaɗan ta kau da kai ta ce ta ƙoshi. Kunu ne kawai take sha da kanta, ta tallabe kofin da hagu ta jingina na daman a jikinsa. Ranar hutuna nakan sa maigidana ya kai ni kasuwar Al-Aziziya in zaɓo ɗanyar kuɓewa da alayyafo da attaruhu, in dawo in yi miya irin ta gida. Tana daga ɗaki za ta ji ƙamshi ta ce daddawa ta yi kaɗan, in na ɗanɗana kuwa in tarar haka ne. Amma in na kawo mata, cokali kaɗan ɗin nan ne dai. Ni da nake ciyar da marasa lafiya a asibiti kullum, ina lallashinsu da Larabci da Turanci har su cinye, na kasa da uwata. Sau da yawa nakan fito da kwanon in tsaya a kicin in yi kukana in wanke fuska.

Mai yi mata gashin wata 'yar Filifin ce mai fara'a. Ta ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa, da wake a kwano ta riƙa tsinta tana mayarwa wani kwanon. A asibiti Inna takan yi don kara. Muna dawowa gida sai ƙwallon ya shige ƙarƙashin matashi.

"Na zo ƙasa mai tsarki da furfurata a ba ni ƙwallo," in ji ta.

Wata rana matar ta ja ni gefe ta ce hannun nan yana da ƙarfin da ya fi wanda Inna take nunawa. Ta ce tsoron ya suɓuce a gaban mutane ne ya sa ba ta gwadawa, kuma in aka daɗe a haka zai sandare da gaske.

Mutum ɗaya ce a gidan take iya sa muryar Inna ta tashi, 'yata ta fari. A Riyadh aka haife ta, lokacin tana da shekara sha uku, Larabcinta ya fi Hausarta gudu nesa ba kusa ba. In tana Hausa sai ka ji kamar tana tsallaka kwata, ta ɗan tsaya, ta auna, sannan ta yi tsalle. Ɗaki ɗaya suke kwana da Inna. Inna na kiranta Balarabiya, ita kuma tana ce mata tsohuwa, suna wasan nan na kaka da jika tun safe har dare. Inna ta yi mata dariyar yadda take cewa "ƙofa", ita kuma ta rama da yadda Inna take cewa "shukran". Ni ba na shiga tsakaninsu.

Da yarinyar ta gama jarrabawar ƙarshen shekara ta tuna mini alkawarin da na yi mata, cewa zan kai ta gidan sushi. Abincin mutanen Japan ne, 'yan dunƙulen shinkafa da yankan kifi a kai ko a ciki, wani dafaffe wani ɗanye. Ƙawayenta na makaranta suka koya mata, ni kuwa sau ɗaya na taɓa raka ta na ci dafaffen na bar mata ɗanyen. Na ce to, ranar Asabar. Sai ta ce da tsohuwa za a je.

"Inna ba ta cin tuwo a gabanmu," na ce, "ita ce za ta je cikin mutane ta ci ɗanyen kifi? Kada ma ki tayar mata da hankali."

Ta wuce ɗakin, ta bar ƙofa a buɗe, ina jin su daga falo.

"Tsohuwa, akwai wani gida a garin nan, abinci yana tafiya da kansa."

"Ƙarya kike."

"Wallahi. Kina zaune, yana wucewa."

"Da ƙafa?"

"Ki zo ki gani. Ko tsoro kike ji?"

Can na ji Inna ta ce, "Tsoron me? Ni da na hau jirgin sama ni kaɗai? Zan je in ga ƙarshen ƙaryarki. Amma ki gaya wa uwarki ba zan ci komai ba."

Ranar Asabar bayan la'asar muka fita. Zafin Riyadh na lokacin bai sauka ba, ƙarfen ƙofar mota ma ba ya taɓuwa. Maigidana ya sauke mu a bakin babban kantin da gidan abincin yake ciki, ya ce in mun gama mu kira shi. Ya san ko lafiyar Inna ƙalau ba za ta tauna komai a gaban suruki ba. Muka shiga da baƙaƙen abayoyinmu, Inna na dogara sanda, jikarta na riƙe da gefen mayafinta kamar ita ce babbar.

Aka kai mu sashen iyali. Ɗaki ne mai tsawo, mai sanyi, a tsakiyarsa wani siririn bel yana tafiya a hankali, ya miƙe har ƙarshen ɗakin, ya karya kwana ya dawo ta ɗaya gefen, ya shige wurin masu girki ya sake fitowa. A kansa ƙananan farantai ne masu launi-launi a jere, kowanne da murfin roba da ake ganin abin da ke ciki. Tebura na jingine da bel ɗin hagu da dama, kowane tebur da kujeru biyu masu fuskantar juna. Inna ta tsaya cak, ta dafa sandarta da kyau, ta bi farantan da ido har suka karya kwana.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Irin na kayan filin jirgi."

"Na yi ƙarya?" in ji jikar.

"Ba da kansa yake tafiya ba. Jan sa ake yi."

Ma'aikacin da ya tarbe mu ya nuna mana wani tebur, sai 'yata ta ce masa da Larabci a'a, wancan muke so. Ta zaunar da Inna a ciki, jikin bel, ta ce ni in zauna kusa da ita ta waje, ita kuma ta zauna tana fuskantarmu. Sai da na zauna na lura da abin da ta yi. Bel ɗin yana daman Inna, dab da hannun da take ɓoyewa, farantan kuma suna tahowa ta gabanta, tana hango kowanne tun daga nesa. Na kalli yarinyar. Ta ɗauke kai tana zuba mana koren shayi.

Ta fara ɗaukar nata, tana yi wa Inna bayani da guntuwar Hausarta. Wannan kifi ne ɗanye. Wannan baƙin da aka naɗe shinkafar da shi ganyen teku ne. Wannan baƙin ruwan tsomawa ake yi, gishiri ne da shi. Launin faranti shi ne kuɗinsa.

"Ɗanye," in ji Inna. "Wutarsu ce ta mutu?"

"Haka ake ci."

"Allah ya kyauta. Kuma ba mai gadi? Kowa ya miƙa hannu kawai?"

Ta jingina ta naɗe hannayenta cikin mayafi tana kallo. Ni na ɗauki wani na dafaffen ƙwai ina ci ba tare da jin daɗinsa ba, ina tunanin yadda za mu gama da wuri. Amma Inna ba ta gaji da kallo ba. Mai girki ce, idonta ya kasa barin abinci ya wuce ba ta yi masa hukunci ba. Wannan shinkafar ta caɓe. Wancan yankan ya yi kyau, mai wuƙar ya iya. Wancan kuma ko kyauta aka ba ta ba ta so.

Can sai ga wani jan faranti ya fito daga wurin masu girki, da wasu 'yan ƙwallaye soyayyu a kai, sun yi ja, har murfin ya yi gumi don zafi. Shi kaɗai ne irinsa a kan bel ɗin. Na ga Inna ta ɗan ɗago daga jinginar.

"Wancan kamar ƙosai," ta ce.

Tunda ta sauka a Riyadh ban ji ta ambaci wani abinci da irin wannan muryar ba. Na yunƙura zan miƙa hannu ta gabanta in ɗauko, sai na ji an taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, takawa mai kyau. Farantin ya zo ya wuce.

"Dokar gidan nan," in ji 'yata, tana kallon kakarta, "kowa shi yake kama nasa. Ba a kama wa wani."

Inna ta nuna wani tebur da haɓa. "Ga wancan can yana ɗaukar wa ɗansa."

"Shi yaro ne. Ke yarinya ce?"

Na buɗe baki zan tsawata mata, sai na ga fuskar Inna ba ɓacin rai ba ne a kanta. Irin kallon da take yi wa mahauci ne in ya ce mata naman jiya na yau ne.

"Ke Balarabiya," ta ce, "kafin a haifi uwarki nake kama kaza da hannu ɗaya."

"To ga shi can zai dawo. Ba ya ma gudu kamar kaza."

Muka zuba wa jan farantin ido. Ya tafi ƙarshen ɗaki, ya karya kwana, ya biyo ɗaya gefen, ya shige, ya fito. Yana matsowa na ga mayafin Inna ya motsa. Hannun ya fito har wuyansa, ya tsaya a bakin tebur yana rawa. Farantin ya zo daidai da shi, ya wuce. Hannun ya koma.

'Yata ta ci gaba da cin abincinta kamar ba ta gani ba.

Da ya sake zagayowa Inna ta riga shi shiri. Ta fito da hannun gaba ɗaya, ta ɗora gwiwarsa a kan tebur, ta tura shi da kafaɗa har bakin bel. Yatsunta suka taɓa murfin, suka zame, farantin ya ɗan juya a wurinsa ya ci gaba da tafiya. Ta sauke numfashi. Gumi ya tsattsafo mata a goshi duk da sanyin ɗakin.

"Inna, bari in..." na fara.

"Ki yi mini shiru," ta ce, ba ta ko kalle ni ba.

A tsallaken bel ɗin, daidai da mu, wasu Larabawa ne, mata biyu da yara, da wata dattijuwa da ta ɗage niƙabinta tana shan shayi. Na lura tun ɗazu tana satar kallonmu. Da jan farantin ya karya kwana ya biyo ta gefensu, wani ɗan jikanta mai ƙiba ya miƙa hannu zai ɗauke. Dattijuwar ta buge hannun, ta ce masa da Larabci, "Bar shi, yana da mai shi." Ta ɗago ta kalli Inna ta gyaɗa kai sau ɗaya. Inna ba ta jin Larabci, amma ta ga bugun, ta kuma ga gyaɗa kan.

A daidai nan ma'aikacin ya zo yana bi tebur tebur yana ba da haƙuri, magariba ta kusa, za a sauke ƙofa a tsayar da bel har a idar da salla, wanda yake son wani abu ya ɗauka yanzu. Haka ake yi a lokacin, kowane shago na rufewa in an kira salla, waɗanda ke ciki su zauna. 'Yata ta fassara wa kakarta, ba ta ƙara komai ba a wannan karon.

Inna ta cire mayafin daga kafaɗarta ta dama, ta ture kofin shayi gefe da hagu. Ta ɗora hannun a bakin bel tun farantin bai fito ba, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ina ganin yadda kowanne yake mata gardama. Ta yi bisimilla a fili. Jan farantin ya fito. Ban taɓa ganin abu mai tafiyar hawainiya irinsa ba. Wannan karon ba ta nemi murfin ba. Ta kwantar da hannun ta bar gefen farantin ya shigo tsakanin babban yatsa da sauran da kansa, sannan ta damƙe. Bel ɗin ya ja, ta ja. Na bayansa ya zo ya bugi nata. Ta cije leɓe ta fizgo, farantin ya sauko kan tebur da ƙara, murfin ya yi tsalle ya faɗi ƙasa ya gangara har ƙarƙashin teburin maƙwabta. Ƙwallo ɗaya ya mirgino kan tebur. Sauran suna nan a cikin farantin, farantin kuma yana hannun Inna, ba ta sake shi ba.

Dattijuwar tsallake ta ce, "Masha Allah," matan da ke tare da ita suka maimaita. 'Yata ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa, na kasa gane dariya take ko kuka, da ta ɗago na ga duka biyun ne. Ni kuwa na riƙe bakina da gefen mayafi, don na san in na yi sauti Inna za ta ji kunya ta janye.

Ba ta janye ba. Ta saki farantin a hankali, ta kalli tsinkayen cin abincin da aka ajiye mata, ta ture su. Ta kai yatsu uku ta ɗauki ƙwallo ɗaya. Hannun ya yi rawa a hanya, ta sunkuyar da kai ta tarye shi, lomar ta shiga baki. Ta tauna, ta daɗe tana taunawa, mu duka muna kallonta, har da ma'aikacin da ya tsugunna ɗauko murfi.

"Ba ƙosai ba ne," ta ce. "Kifi ne a ciki. Ba albasa, ba attaruhu." Ta sake ɗaukar wani. "Amma mai suyar ya san wuta."

Kafin a tsayar da bel ɗin ta kama wani farantin, na dafaffen kifi a kan shinkafa, wannan a gwaji ɗaya. Ta kai wa wani hannu ya kuɓuce, ta bi shi da harara ta ce dama ba ta so. Aka sauke ƙofa, kiɗan da ke tashi ƙasa-ƙasa ya mutu, bel ya tsaya da sauran farantai a kansa. Muka roƙi ma'aikacin ya bar mana teburinmu, ya buɗe mana ƙaramar ƙofa muka je masallacin mata da ke cikin kantin. A wurin alwala na matso zan zuba mata ruwa yadda na saba, ta ce in buɗe famfon kawai. Ta tara hannun dama, ruwan na zubewa ta tsakanin yatsu, ta kai abin da ya samu fuska. Alwalar ta daɗe. Ba wanda ya hanzarta ta.

A sahu muka haɗu da dattijuwar nan. Bayan sallama ta kamo hannun Inna na dama ta riƙe cikin nata biyu, ta yi ta magana. 'Yata ta fassara, ta ce mijinta ma ya yi irin wannan ciwon, ya yi shekaru bayansa yana cin abincinsa da kansa. Inna ta ce a gaya mata ta gode da tsare mata faranti, kuma a ba yaron haƙuri.

Da muka koma bel ya tashi, Inna ta zauna kamar wadda ta zo aiki. Dunƙulen sushi ya yi wa hannunta daidai, loma guda ne, ba ya zuba, ba ya bukatar cokali. Ta ci na ƙwai, ta ci na kokwamba, ta ce ganyen tekun yana ƙarni amma ana iya zama da shi. Farantai suka fara hawa kan juna a gabanta. Ta kama ɗaya ta tura mini ba tare da na roƙa ba.

"Ci wannan," ta ce. "Tun ɗazu kina zaune kina kallon mutane."

Na ci. Ban san ko na mene ne ba, hawaye ya hana ni gani sosai.

Sai jikar ta ɗauko na ɗanyen kifi, mai launin ruwan lemo da farin zane a jiki, ta ajiye a tsakiya.

"Saura wannan, tsohuwa."

"Halal ne?" Inna ta tambaye ni.

"Kifi ne, Inna. Halal ne."

Ta ɗauka ta juya shi ta shinshina. A gefen farantin akwai ɗan curin koren yaji da suke ci da shi, mai hawa hanci. Kafin mu ankara ta lakato shi gaba ɗaya ta shafa a kan kifin, irin yadda take yi wa tsire da yajin ƙuli.

"Kaka, ya yi yawa," in ji yarinyar, ta ma manta da ce mata tsohuwa.

"Ni za ki gaya wa yaji?"

Ta jefa a baki. Ta yi tauna biyu ta tsaya. Idanunta suka firfito, ta dafe hanci, hawaye suka zubo shar. Na miƙa mata ruwa ta ture. Ta haɗiye, ta ja numfashi ta baki, ta yi atishawa, sannan dariya ta ƙwace mata, irin dariyarta ta tsakar gida wadda na yi zaton ciwon ya tafi da ita. Ta yi ta yi tana share ido da bayan hannu. Larabawan tsallake suka kama, mai girkin da ke bayan gilashi ya leƙo yana murmushi ya ɗaga mata babban yatsa.

"Wannan ba a harshe yake faɗa ba," ta ce da ta samu magana. "Ta sama yake bi. Kifin kuwa ban ji shi ba sam. Kamo mini wani in ji."

"Kowa shi yake kama nasa," in ji jikar.

Inna ta kama. Ta ci ba yaji, ta yi nazari, ta ce laushinsa kamar ɓargo, ba za ta neme shi ba amma ba za ta zagi masu cinsa ba.

Da maigidana ya zo ɗaukarmu ya tambaya a hankali ko an samu abin da aka ci. Inna na baya ta ce, "An taɓa," ta juya tana kallon fitilun titi. Ya kalle ni ta madubi, na gyaɗa masa kai, ya gane, bai ƙara tambaya ba. Sai dai na ga ya ɗauki hanya mai nisa, ya bi ta tsakiyar gari inda dogayen gine-gine suke, yana tuƙi a hankali don ta gani.

Hannun bai dawo kamar da ba, ba zan ce ya dawo ba. Har ta koma gida ba ta iya zura zare a allura, ba ta iya ɗaga tukunya. Amma daga ranar ban sake ba ta abinci a baki ba. Washegari ta ce in yi tuwo mai ɗan tauri wanda zai tsaya a yatsa, ta zauna a falo da jikokinta, ta ɓata gaban rigarta da miya, ta cinye. Mai gashin ta ga canji a mako na gaba ta tambaye ni wane magani muka ƙara. Da na ba ta labari ta yi dariya har ta zauna, ta ce za ta fara tura marasa lafiyarta can.

Kafin bizarta ta ƙare mun kai ta Umra, ta yi ɗawafi da ƙafarta. Ta sauka Gusau da ƙiba a kumatu. Yayana ya ce mini mata sun cika gidan suna yi mata barka da dawowa, suna tambayar Makka da Madina, tana ba su amsa yadda ya kamata. Da aka natsa sai ta gyara zama ta ce akwai kuma wani gida a Riyadh. Ƙanwarta, wadda tun suna yara ba ta yarda da maganarta sai ta gani, ta ce wannan kam sai an kawo shaida. Inna ta sa aka kira mu ta bidiyo a take, ta ce a ba ta Balarabiya. Yarinyar ta karɓi wayar, ta ga fuskokin tsofaffi sun cika ta, ta gyara murya ta fara ba su labarin da Hausa, tana tuntuɓe tana tashi, Inna na gefe tana gyara mata kalmomi tana ƙara yawan farantan.